Daga Teku Zuwa Indararo: Yadda Ruwan Sama Ke Iso Mu

Cikin darussan kimiyya da malamai ke ba da aikin gida a kansu, akwai guda uku da kan zo a babi dabam-dabam: yanayi, zagayen ruwa, da abin da littattafai ke kira densiti. Wanda ya haddace kowanne shi kaɗai zai ga kamar ba abin da ya haɗa su. Amma ukun nan igiya ɗaya ce mai tufka uku, kuma wanda ya gane na ukun ya sami mabuɗin sauran biyun. Maganar ba ta tsaya ga cin jarrabawa ba. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Ranar shuka, cikar rumbu, zurfin rijiya, har da kuɗin makarantar da iyaye ke biya, duk suna rataye ga ruwan sama. Saboda haka bari mu bi ruwan nan sawu da sawu, tun daga inda yake tasowa har ya zubo ta indararo.

Mene ne densiti?

Mu ɗauki mudu biyu masu girma ɗaya, mu cika ɗaya da tsakuwa, ɗaya da auduga. Wurin da suka cika ɗaya ne, amma nauyinsu ya sha bamban. To, densiti shi ne nauyin abu idan an gwada shi da girman wurin da ya cika. Lissafinsa ba wuya: a auna nauyin abu, a auna girmansa, a raba nauyin da girman.

Da ruwa ake gwada sauran abubuwa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, shi ya sa muke cewa densitin ruwa 1. Na kananzir kimanin 0.8 ne, na man gyaɗa kimanin 0.9, na yashi kimanin 2.6, na baƙin ƙarfe kimanin 7.9, na zinariya kuwa 19.3. Ƙa'idar ita ce: duk abin da densitinsa bai kai na ruwa ba zai taso sama, wanda ya fi na ruwa kuma zai nutse. Arkimidis, wani masanin Girka da ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Almasihu, shi ya fara bayyana wannan ƙa'ida da lissafi.

Iyayenmu sun daɗe suna aiki da ita ba tare da sun san sunanta ba. Mace mai rege shinkafa a ƙwarya ta san tsakuwa za ta kwanta a ƙasa. Bafulatana mai kaɗa nono ta san man shanu zai taso sama. Masu wankin kuza a ƙasar Jos sukan saki ruwa ya kwashe yashi ya bar kuzar, domin densitin kuza ya kusa 7, wato ya ninka na yashi fiye da sau biyu.

Ƙanƙara tana da abin mamaki. Yawancin abubuwa in sun daskare sukan tsuke, su ƙara densiti. Ruwa kuwa in ya daskare sai ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, densitinsa ya sauko zuwa 0.92. Dalilin ke nan da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, kwalbar da aka cika fal aka bari a firiza kuma takan fashe.

Iska ma tana da nauyi

Ba ma ganin iska, amma tana da nauyi. A ce ajinmu yana da tsawon mita 10, faɗin mita 7, da tsayin mita 3. Iskar da ke cikinsa ta haura kilo 200, wato nauyin buhu biyu na masara. Iskar da ke bisa kanmu har ƙarshen sararin sama tana danna kowane wuri mai faɗin farcen babban yatsa da nauyin kusan kilo ɗaya. Wani Ba'italiye mai suna Toriceli ne ya ƙera na'urar auna wannan dannawa a 1643, kuma har yau masu hasashen yanayi suna dogara da irinta.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, densitin iska ba ya tsayawa wuri ɗaya. In iska ta yi zafi sai ta buɗe, ta cika wuri mai faɗi, ta yi sauƙi. In ta yi sanyi sai ta tsuke, ta yi nauyi. Saboda haka iska mai zafi takan tashi sama, mai sanyi ta gangaro ta maye gurbinta, kamar yadda mai ke hawa kan ruwa. Muna ganin haka a hayaƙin murhu, da kuma shirwa da ke shawagi da tsakar rana ba ta kaɗa fiffike, don iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi ce ke ɗauke da ita. Da asubar hunturu kuma fadama ta fi tudu sanyi, domin iska mai sanyi ta gangara cikin dare ta kwanta a kwari.

Akwai wani abu da kan ruɗa ɗalibai a jarrabawa. Iska mai laima ta fi busasshiyar iska sauƙi, muddin zafinsu ɗaya ne. Dalili kuwa, tururin ruwa bai kai iskar da ya ture nauyi ba: in nauyin ƙwayoyin busasshiyar iska 29 ne, na tururi 18 ne kacal.

Zagayen ruwa

Ruwan da ke duniya ba sabo ba ne. Shi ne dai yake kai da kawowa tsakanin teku, sama da ƙasa. Kusan kashi 97 cikin ɗari nasa ruwan gishiri ne, kuma mafi yawan ɗan abin da ya rage yana daskare a ƙarshen kudu da ƙarshen arewa na duniya, ko yana kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Mataki na farko shi ne tashi. Zafin rana yana mayar da ruwa tururi, daga teku, kogi, kududdufi, jiƙaƙƙiyar ƙasa, har da wankin da muka shanya. Itatuwa da shuke-shuke ma suna tsotso ruwa ta saiwa su sake shi ta ganye. Ainihin tururi ba a ganinsa. Farin abin da muke gani a bakin buta ya riga ya fara komawa ɗigon ruwa. Ruwa kaɗai ke tashi, gishiri da datti sukan zauna a ƙasa. Haka masu gishirin Bilma a Nijar ke samun gishirinsu, haka kuma ya sa ruwan sama ba shi da gishiri ko da yake mafi yawansa daga teku ya taso.

Tashin nan yana cin zafi mai yawa. Zafin da ake bukata a mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin randa yana ɗauke zafi in zai tashi, shi ya sa ruwan randa ke sanyi, kuma aikin da gumi ke yi a jikinmu ke nan. Da wannan hikima wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000.

Mataki na biyu shi ne haɗuwar gajimare, kuma a nan densiti ke shigowa. Iska mai zafi da laima takan tashi saboda sauƙinta. Tana hawa, abin da ke danna ta yana raguwa, sai ta buɗe, buɗewar kuma ta sa ta huce da kusan digiri 10 a kowace kilomita. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi da yawa. A digiri 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana iya riƙe giram 30 na tururi, amma a digiri 10 giram 9 kawai za ta iya. Rarar sai ta taru a jikin ƙura da hayaƙi ta zama ƙananan ɗigo. Taron waɗannan ɗigo shi ne gajimare. Irin wannan ne ke faruwa a bayan kwalbar lemo mai sanyi, da raɓar da muke takawa da safe.

Idan tururi ya koma ruwa, yakan saki zafin nan da ya ci lokacin tashinsa. Zafin yana ɗumama iskar cikin gajimaren, ta ƙara sauƙi, ta ci gaba da hawa. Ta haka ɗan farin gajimaren tsakar rana ke zama baƙin hadari kafin la'asar, wanda kansa kan kai kilomita 15 a sama, inda sanyi ya sa kome ya zama ƙanƙara.

Mataki na uku shi ne zubowa. Ɗigon gajimare ƙanana ne ainun, sai kusan miliyan guda sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama ɗaya. In sun yi nauyin da iska mai hawa ba za ta iya riƙe su ba, sai su faɗo. Ƙanƙarar da ta taso daga can sama takan narke a hanya, amma in ta yi girma sai ta iso ƙasa, kamar yadda akan gani a tudun Jos a farkon damina. Tururi ba ya daɗewa a sama, bisa matsakaicin lissafi kwana tara ne.

Mataki na huɗu shi ne komawa. Wani ruwan yakan sake tashi nan take, wani ya nutse cikin ƙasa ya ciyar da saiwa da rijiya, wani ya bi ƙorama zuwa kogi. Tudun Jos misali ne mai kyau. Ruwan da ya zuba a wani gefensa yana bin Kogin Kaduna zuwa Kwara. Na wani gefen yana bin Gongola zuwa Binuwai, su haɗu a Lakwaja su nufi teku. Na wani gefen kuma yana bin Kogin Jama'are zuwa Yobe, ya nufi Tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku. Mafi yawan ruwan da ke shiga tafkin ta sama yake fita, domin rana tana ɗauke kusan zurfin mita biyu daga fuskarsa kowace shekara. Shi ya sa da aka yi farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, kafin daga baya ya ɗan farfaɗo.

Iskoki biyu masu mulkin ƙasarmu

Damina da rani kokawa ce tsakanin manyan iskoki biyu. Ɗaya tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya ƙayau. Ita ce ta hunturu, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Yawancin ƙurar da take kawowa daga kwarin Bodele take a ƙasar Chadi, inda a zamanin da can akwai wani babban tafki da ya ƙafe. Daren hunturu yana da sanyi ne saboda babu gajimare ko laimar da za ta tare zafin da ƙasa ke saki. Ɗayar kuma tana fitowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, cike da laima.

Akwai layin da iskokin nan biyu ke karo, kuma layin yana bin rana. A watan Janairu yana can kusa da bakin teku. Daga Maris, in rana ta gasa ƙasar arewa, iskar da ke bisa hamada takan yi zafi ƙwarai ta tashi, sai iskar teku ta kwararo don ta cike gurbin. Layin ya yi ta matsowa arewa, har a watan Agusta ya wuce Agadas, sa'an nan ya juya. Shi ya sa damina kan fara a Legas cikin Maris, a Jos cikin Afrilu, a Kano da Sakkwato kuma sai ƙarshen Mayu ko Yuni, ta kuma riga ɗaukewa a arewa. Yawan ruwan ma haka yake raguwa: Fatakwal takan sami fiye da milimita 2,000 a shekara, Jos kimanin 1,300, Kano kimanin 800, Agadas kuwa ba ta cika kai 200 ba.

To, in iskokin sun haɗu, wace ce ke hawa kan wata? Mun ce laima tana sa iska sauƙi, amma wannan in zafinsu ɗaya ne. A lokacin bazara iskar hamada ta fi ta teku zafi nesa ba kusa ba, saboda haka ta teku ce mai nauyi, sai ta kutsa ta ƙarƙashi kamar bakin gatari. A bakin layin kaurinta kaɗan ne, busasshiyar iska kuma tana kanta tana shanye duk gajimaren da ya yunƙuro. Sai an koma ɗaruruwan kilomita kudu da layin ne iskar teku ke yin kaurin da zai haifi ruwa mai ɗorewa.

Wannan ya bayyana abin da manoma suka sani. A bazara iska takan juya ta fara busowa daga kudu, zufa ta dami kowa, hadari ya haɗu ya watse. Wani lokaci a yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, sa'an nan a ɗauke har mako biyu ko uku. Wanda ya zuba dukan irinsa a ruwan farko yana iya asararsa. Domin rage irin wannan asara ce Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa a 2003, ke fitar da hasashen farkon damina da ƙarshenta kowace shekara. A Yamai ma akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki.

Me ya sa hadari ke tasowa daga gabas?

Ga tambayar da ta cancanci tunani. In laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa muke duban gabas in muna neman hadari? Amsa ita ce, iskar da muke ji a ƙasa ba ita ce ke sama ba. A tsayin kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas zuwa yamma a lokacin damina. Iskar ƙasa ce ke kawo laima, amma in hadari ya yi tsayi, ta saman ce ke tura shi.

Sanyayyar iskar nan mai tayar da ƙura da ke riga ruwa isowa ita ma aikin densiti ce. Ruwan da ke faɗowa cikin hadari yana sanyaya iskar da yake ratsawa, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu kamar ruwan da aka kifar daga bokiti. Tana tafe tana cusa kai ƙarƙashin iska mai zafi da ke gabanta tana ɗaga ta, sabon gajimare yana haɗuwa. Da haka hadari ɗaya kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin dare guda. Iskar nan ce ke yaye kwanon ɗaki, don haka in ta taso a nemi mafaka cikin gini, kada a tsaya gindin itace.

Inda sanin nan ke ceton rai da dukiya

In wutar fetur, kananzir ko man girki ta tashi, kada a watsa mata ruwa. Mai zai hau kan ruwan ya bazu da wutarsa. A rufe ta da murfi ko a zuba yashi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye yakan kwanta a ƙasa, saboda haka a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Iskar kabon ma, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ta fi iskar gari nauyi da kusan rabi, takan taru a gindin tsohuwar rijiya. Shi ya sa masu yasar rijiya kan zura fitila tukuna, in ta mutu ba sa shiga. A watan Agusta na 1986 irin wannan iska ta ɓarke daga Tafkin Nyos a Kamaru, ta gangara kwaruruka cikin dare, ta hallaka mutane fiye da 1,700.

Zagayen ruwa kuma yana koya mana cewa rabon ruwa tsakanin mai nutsewa da mai gudu yana hannunmu. Ƙasa mai ciyawa da itatuwa tana shan ruwa a hankali ta ajiye wa rijiya. Ƙasar da aka sare itatuwanta aka ƙone ciyawarta takan bar shi ya gudu da taki, ya haƙa kwazazzabo, ya cika madatsun ruwa da yashi. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a Satumbar 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, sun nuna abin da ruwa ke yi in ya taru fiye da yadda hanyarsa za ta ɗauka.

Abin da za mu iya gwadawa a hutu

Gani ya kori ji. Ga gwaji huɗu da ba sa bukatar ɗakin kimiyya.

Na ɗaya, a sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a ajiye shi a fili nesa da bango da itace. Kowace safiya a lokaci ɗaya a auna zurfin ruwan da rula, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane murabba'in mita. Ke nan rufin kwano mai mita 10 da mita 8 zai tara lita 2,000 a ruwan milimita 25, wato duro goma. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, a saka ɗanyen ƙwai sabo cikin kofin ruwa, zai nutse. A yi ta ƙara gishiri ana motsawa har ya taso. Ƙwan bai canza ba, densitin ruwan ne ya ƙaru.

Na uku, a ɗaure farar leda a reshen mangwaro mai ganye da safe, a dawo da yamma a ga ruwan da ya taru ciki.

Na huɗu, a auna nauyin ƙaramin dutse, a jefa shi cikin kofin awo mai ruwa. In nauyinsa giram 130 ne, ruwan kuma ya tashi daga mililita 50 zuwa 100, girmansa 50 ke nan. A raba 130 da 50, densitinsa 2.6.

Muna roƙon kowane ɗalibi da zai yi damina a gida ya ɗauki na farkon da muhimmanci, ya rubuta kwanan wata da awon kowace rana cikin littafi ɗaya. In muka dawo muka haɗa na garuruwanmu dabam-dabam, za mu iya zana tafiyar damina daga kudu zuwa arewa da hannunmu, mu kuma bar wa ƙannenmu lissafin da za su ɗora nasu a kai.